Kafin a Taɓa Lamba: Gwanintar Koya wa Yara Lissafin Labari

Gwanar malamar aji biyu ba ta fara lissafin labari da lamba. Takan tsaya gaban yara, alli na hannunta amma ba ta ko kalli allo ba, ta ce: "Ladi ta fita tallar ƙosai da safe. A ƙofar masallaci aka sayi wasu. Ta juyo gida da saura a faranti." Sai ta yi shiru. Can ta tambaya, "Ƙosan da ta dawo da shi, ya fi wanda ta fita da shi yawa, ko bai kai ba?" Aji ya ɗauka gaba ɗaya, "Bai kai ba, Malama!" "Don me?" "Ai an saya!" Sai a lokacin take sako lambar farko, ta ce Ladi da 12 ta fita. "To, zai yiwu ta dawo da 15?" A bushe da dariya. "Da 12 fa?" Wani daga baya ya ce sai dai in ba ta yi ciniki ba, kuma ai Malama ta ce an saya. Kafin lamba ta biyu ta iso, yaran sun san amsar tana ƙasa da 12, sun kuma san ragewa za a yi, ba tare da kowa ya ambaci ɗebewa ba.

Wanda ya leƙo ta taga zai ce an bar karatu ana hira. Bai san da wace cuta malamar ke faɗa ba. A 1980 wasu masu bincike kan koyar da lissafi a birnin Grenoble na Faransa sun ba yara 97, 'yan shekara 7 zuwa 9, wannan tambaya: jirgin ruwa yana ɗauke da tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin jirgin nawa? Yara 76 suka ba da amsa, kuma daga lambobin nan biyu suka ƙago ta. Ka tara 26 da 10, matuƙi ya zama ɗan shekara 36. Da aka gwada irin wannan tambaya a Jamus, sai aka ga 'yan aji uku da huɗu sun fi 'yan aji ɗaya faɗawa tarkon. Ke nan ba daga gida yaro ya zo da ɗabi'ar ba, a makaranta ya ɗauke ta. Ya lura cewa duk tambayar da malami ya ba shi tana da amsa, amsar tana fitowa daga lambobin da ke ciki, kuma in wannan makon tarawa ake yi to tarawa za a yi. Labarin kuwa ado ne kawai, sai ya tsallake shi ya cafko lambobin. Malamar da ta ɓoye lambobi na minti biyu ta hana shi abin cafka, dole ya saurari abin da ya faru da Ladi.

Abin haushin shi ne, yaron nan ya iya lissafi tun kafin ya sa kayan makaranta. Ka aike shi da naira 500 ya sayo magi da attaruhu, ka ga ko mai shago zai ci masa canji. Wannan ma an auna shi. A birnin Recife na ƙasar Barazil, Terezinha Nunes Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann sun bi wasu yara biyar masu sayar da kaya a titi, 'yan shekara 9 zuwa 15, suna saye a hannunsu kamar kowane mai ciniki. A wurin ciniki yaran sun ci kashi 98 cikin 100 na lissafin da ya taso. Wani da aka tambaya kuɗin kwakwa 10 a kan 35 kowace ɗaya, ya bi ta uku-uku: 105, 210, 315, ya ɗora ɗaya ya ce 350. Bayan 'yan kwanaki aka ba su lambobin nan dai da fensir da takarda. Waɗanda aka saka cikin labari sun ci kusan kashi 74. Waɗanda aka rubuta tsurarsu, lamba bisa lamba, kashi 37 kawai. An buga sakamakon a 1985, kuma lambar tsakiyar nan ce ta fi ɗaukar hankalina. Mu mun saba ɗaukar lissafin labari a matsayin mai wuya, wanda ake ajiyewa ƙarshen babi. Ga yaran nan labari sauƙi ya kawo musu, har ya ninka abin da suka ci.

Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya san irin waɗannan yara. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a unguwannin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matan da ke kulle ta dogara ga yara: su ke sayo kayan haɗi, su ke fita da faranti, su ke dawo da ciniki a ƙirga. Ba yabon talla nake yi ba, don ta raba 'yan mata da yawa da aji. Amma yarinyar da take riƙe bashin mutum uku a ka, ta kuma san nawa za ta miƙa wa uwarta da azahar, ba a ce mata ba ta da kan lissafi. Abin da ta rasa shi ne wanda zai nuna mata cewa abin da ke cikin littafi shi ne abin da take yi kullum.

Sau da yawa harshe ne ke tare hanya. Tambayar tana cikin Turanci, yaro ɗan shekara bakwai yana fama da karanta ta, kafin ya kai ƙarshen layi ya manta farkonsa. In ya faɗi sai a ce lissafi ne bai iya ba, alhali karatun ne ya kayar da shi. Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun fara wani gwaji a Ile-Ife a 1970, inda aka koyar da yara duka shekaru shida na firamare da Yarbanci, har da lissafi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba, sun ma sha gabansu a yawancin darussa. Gwanar malama ba ta jiran wata doka kan harshen koyarwa. Takan faɗi labarin da Hausa, ta sa yaro ya rufe littafi ya maimaita mata da bakinsa. In ya kasa faɗin wa ya ba wa me, to bai isa taɓa fensir ba tukuna.

Inda gwanintar ta fi zurfi shi ne sanin inda za a ɓoye abin da ake nema. Ga labari ɗaya ta fuska uku. Ladi ta fita da ƙosai 12, an sayi 5, nawa ya rage? Ladi ta fita da 12, ta dawo da 7, nawa aka saya? An sayi 5 a wurin Ladi, ta dawo da 7, da nawa ta fita? A idon babba duka abu ɗaya ne, 12 da 5 da 7 ne ke musayar wuri. A wurin ɗan aji ɗaya kuwa tambayoyi uku ne daban, kuma kowace ta fi ta gabanta nauyi. Ta farko yana bin ta yadda aka faɗa: ya jera tsakuwa 12, ya janye 5, ya ƙirga saura. Ta biyu sai ya yi ta janyewa har 7 su rage, sannan ya tuna cewa waɗanda ya janye zai ƙirga. Ta uku ce ke daskarar da shi. Hannunsa na kan tsakuwa amma bai san nawa zai fara jerawa ba, domin farkon labarin ne aka ɓoye. Ga kuma wani ƙulli: labarin na sayarwa ne, na raguwa, amma tarawa ce ke fitar da amsa.

Thomas Carpenter da James Moser da Elizabeth Fennema na Jami'ar Wisconsin a Amurka sun shafe shekarun 1980 suna kallon yadda ƙananan yara ke warware irin waɗannan tambayoyi, suka rarraba su: na ƙari, na ragi, na haɗa kashi biyu su zama ɗaya, da na kwatanta abu biyu, kowanne kuma da wuraren da za a iya ɓoye abin nema. Sun gano cewa yara na warware da yawa daga ciki tun kafin a koya musu wata ƙa'ida, muddin an bar su su kwaikwayi labarin da abin ƙirga. Littattafai dai sun fi cika shafi da nau'in farko, mai neman abin da ya rage ko abin da ya taru. Yaron da ya yi irinsa ɗari zai ɗauka ya iya, sai ranar da aka juya masa tambaya. Gwanar malama, ko ta taɓa jin sunan Carpenter ko ba ta taɓa ba, tana juya labarin tun da wuri. Kuma ta san abin da take jira. A tambaya ta uku wasu za su yi ta gwaji, su zuba 10, su cire 5, su ga bai kai 7 ba, su ƙara. Ba ta hana su. Amma akwai yarinyar da za ta ce, "Malama, a mayar da wanda aka saya cikin faranti mana." Ta koma da labarin baya ke nan, ta gano da kanta cewa tarawa tana warware abin da ɗebewa ta yi. Ita malamar za ta kira gaban aji ta nuna, da bakinta da tsakuwarta.

Tambayar kwatance ta fi duka rikita yara. Audu yana da awaki 8, Tanko yana da 5, da nawa Audu ya fi Tanko? Yara da yawa za su ce 8. Sun ji ana maganar wanda ya fi, sun faɗi nasa. Babu abin da aka ƙara ko aka cire a labarin, don haka hannu bai san me zai yi ba. A 1983 wani mai bincike, Tom Hudson, ya nuna wa yara hoton tsuntsaye 5 da tsutsotsi 4 ko makamancin haka. Da ya tambayi da nawa tsuntsaye suka fi tsutsotsi, kashi 25 cikin 100 na 'yan ajin share fage ne suka iya amsawa. Da ya ce kowane tsuntsu zai ruga ya ɗauki tsutsa, nawa ne za su rasa, kashi 96 suka amsa daidai. Lissafin bai sauya ba, tambayar ce aka ba ta motsi. Haka malamarmu ke yi: "Almajirai 8 sun zo karatu, allo 5 ne a zaure. Nawa za su rasa allo?" Yara su jera, kowane almajiri da allonsa, uku su tsaya hannu banza. Ba ta tsayawa nan, domin jarrabawa ba za ta tausaya musu haka ba. Jerin na nan a gabansu take sake tambaya da ɗaya salon: "To, da nawa almajirai suka fi alluna?" Ta yi haka sau da yawa cikin makonni, har salon biyu su zama abu ɗaya a kunnensu.

Akwai gajeriyar hanya da malamai da iyaye ke so, wadda ita take ƙi. A ce wa yaro in ka ji "duka" ko "ya fi" ka tara, in ka ji "saura" ka ɗebe. Tana aiki mako guda. Sai a ce Binta tana da alewa 8, ta fi Ladi da 3, nawa Ladi take da su, yaro ya ji "ta fi" ya rubuta 11, ya ba wadda aka fi abin da ya zarce na wadda ta fi ta. Wannan dabara farautar kalma ce, 'yar'uwar farautar lamba, kuma duka biyun suna koya wa yaro kada ya saurara.

Kayan aikinta ba na saye ba ne: tsakuwa, murfin kwalba, ƙwallon dabino, tsinken tsintsiya da aka ɗaure goma-goma da zare. Gani ya kori ji. Daga abin da hannu ke taɓawa takan koma zane, daga zane ta koma lamba, tsarin da Jerome Bruner ya bayyana a 1966. Makarantun Singafo sun gina kan wannan tun farkon shekarun 1980, inda yaro ke zana dogon akwati a madadin adadi: akwati ɗaya na 12, a tsaga shi biyu, gefe 5, gefe alamar tambaya. Ana iya zana shi da yatsa a ƙasa. Amfaninsa yana bayyana ranar da ƙosai ya zama 120, lokacin da tsakuwa ba za ta yiwu ba amma akwatin bai sauya ba.

Yatsu kuma tana barin su. Akwai malaman da ke buge hannun yaro in sun ga yana ƙirga da yatsu, sai ya koma yi a ƙarƙashin benci, malami ya rasa abin da ya fi buƙatar gani. Ka ba yara uku 3 a tara da 8. Na farko zai ƙirga uku, ya ƙirga takwas, ya dawo ya ƙirga duka daga ɗaya. Na biyu zai riƙe uku a ka ya ci gaba, huɗu, biyar, har goma sha ɗaya. Na uku zai fara daga takwas ya ɗaga yatsu uku kawai. Amsarsu ɗaya, amma na ukun ya riga ya san cewa ko ta ina ka fara tarawa wuri ɗaya za ka sauka. A takardar jarrabawa su ukun maki ɗaya za su samu. A hannunsu ne malamar ke ganin wa za ta tura gaba, wa kuma za ta ƙara wa kwana.

Mafi wuyar abin da take yi shi ne kame baki. Mary Budd Rowe ta auna a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kimanin daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya, sannan su maimaita, ko su kira wani, ko su amsa da kansu. Da aka koya musu jiran daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana suka fara ɗaga hannu. Daƙiƙa uku a gaban yara 70 masu motsi ba wasa ba ce. Uba a gida ma bai tsira ba: yana ganin ɗansa na jujjuya fensir, tausayi ko gajen haƙuri ya sa ya ce "ai cirewa za ka yi", ya ɗauke masa ainihin aikin ya bar masa ƙirga.

In yaro ya ce Ladi ta dawo da 17, malamar ba ta cewa ka faɗi. Takan ce, "Zo nan, yau kai ne Ladi. Ga farantinka, ga ƙosanka 12. Wa zai saya?" Yara biyar su taso kowa ya ɗauki murfin kwalba ɗaya. Shi da kansa zai kalli farantin ya yi murmushin kunya. Kuma "yaya aka yi ka samu?" tambaya ce da take yi wa wanda ya ci da wanda ya faɗi. In masu kuskure kaɗai ake tambaya, yara kan gane da wuri, da sun ji ta sai su sauya amsa ko da daidai ce.

Tana kula da abin da take sakawa cikin labarin. Littafin da ke cewa an sayi fensir kwabo 5 yana magana ne da yaron da bai taɓa riƙe kwabo ba. Tsadar kaya ta sa kuɗin da yaro ke gani a hannu hamsin-hamsin ne da ɗari-ɗari, don haka in ƙananan lambobi take so sai ta ƙirga kaya, in tana son ƙirgen goma-goma da hamsin-hamsin ta koma kuɗi. Takwararta ta Damagaram tana da nata aikin. A kasuwar Nijar da dala ake ƙirga, dala ɗaya tamma biyar, saboda haka kuɗin da aka rubuta 50 a jikinsa yaro dala goma ya san shi, takardar 1000 kuma jika. Ya shiga aji a ce masa 50. Malamar da ba ta lura ba za ta ga yaron yana ta ruɗewa a lissafin kuɗi. Wadda ta lura ta san yana yawo da jadawalin sau biyar a aljihu, sai ta fara koyar da sau daga can.

Rabawa mai saura ita ce ke tona ko yaro yana cikin labarin har yanzu. A wata jarrabawar ƙasa a Amurka a farkon shekarun 1980, an tambayi 'yan shekara 13: sojoji 1,128, kowace bas tana ɗaukar 36, bas nawa ake buƙata? Kusan kashi 70 sun yi rabawar daidai. Amma kashi 23 ne kacal suka ce 32. Kashi 29 sun rubuta "31 saura 12", kamar ana iya hayar sauran bas. Malamarmu tana fara maganin wannan tun aji biyu, da ƙananan lambobi. Mutum 13 za su biki, kowane a daidaita sahu yana ɗaukar 3, nawa za a tsayar? Wasu su ce 4 saura 1. "To, wanda ya ragen fa, a bar shi a titi?" Su ce 5. Kusan kullum akwai ɗan birnin da zai ce, "Malama, 4 sun isa, ɗaya ya zauna gefen direba." Malamin da ke bin amsar bayan littafi zai tsawata masa. Ita kuwa takan ce ya yi gaskiya in direba ya yarda, ta tambayi aji in kuma bai yarda ba fa. Sannan ta ba su 13 da 3 cikin wani labarin, alewa 13 yara 3, inda amsar ta koma 4 kuma sauran ɗayan na Inna ne. Ta sake ba su da yadi 13 na atamfa, inda sauran yadin ma ana iya yanka shi uku.

Wannan gwaninta ba ta masu takardar shaidar malanta kaɗai ba ce. Kakar da ba ta taɓa shiga aji ba, in tana raba nama ta ce, "Kai, ɗan nan, yanka 9 ne, ku 4 ne, yaya za mu yi?", aikin nan take yi. Gida cike yake da tambayoyi: raka'a nawa aka yi daga asuba zuwa la'asar, nawa suka rage a cikin 17; mutum 7 ke tarayya a saniyar layya, an samu 4; kashi nawa aka yi a watanda; zubi nawa ya rage kafin kwasar adashin Umma. Biyu ko uku a rana sun isa. In kowace loma ta zama jarrabawa, yaro zai fara gudun zama kusa da kai.

Matakin ƙarshe shi ne ta miƙa wa yara aikin ƙirƙira. Ta rubuta 6 da 4 a allo ta ce kowa ya ba na kusa da shi labari. A aji mai cunkoso wannan ne ke sa kowa ya yi magana, ba 'yan benci na gaba kaɗai ba, ita kuma tana zagayawa tana sauraro. Daga labarin yaro take gane abin da ya fahimta. Wanda duk labaransa na "aka ƙara masa" ne, ta san bai saba da sauran nau'o'in ba. Wani kuma zai tashi ya ce, "Inna ta soya waina 4, muka cinye 6." Kafin malama ta buɗe baki aji ya yi caa: ina kuka samo sauran? Mai labari ya yi jim, ya ce an karɓo daga gidan maƙwabta. Malama ta juya ga aji: "To, guda nawa aka karɓo?"